Alƙalamin kwamfutata ya ƙi rubutu, don Allah ku taimaka

Mushe Lissahi: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da dare. Don Allah ina biɗar taimakon waɗanda sunka san kan kwamfuta. Ran Litinin na sayi Lenovo ThinkPad Yoga 370 ta hannu a wani butik nan cikin gari, irin wagga da ake lanƙwasawa ta koma kamar allo, jikka 120 na biya kuma Allah ya sani wata biyar ina tara kuɗin ga. Ba don komi na saye ta ba sai don alƙalamin. Ina koyar da lissahi, yarana za su yi jarrabawar BEPC bana, nihina in dinga warware musu aiki da hannuna bisa gilashin ina ɗaukar bidiyo ina tura musu ta WhatsApp, don duk wanda ya taɓa gwada rubuta fraction ko racine carrée da kilabiye ya san wahalar da ke ciki. To da na zo gida, yatsa na aiki lahiya lau, ina taɓawa tana amsawa, amma alƙalamin ko ɗigo bai yi. Na goge bakinshi, na kashe na kunna ya hi sau goma, shiru. A butik ɗin ban gwada ba don an ɗauke kuran lokacin kuma batirinta ya kusa mutuwa, mai butik ya ce in tahi ba matsala nata ne.

Ɗan Bagalam: Wa alaikumus salam Mushe. A yi mata formataj kawai, kayan okaziyo haka suke zuwa da tarkacen Turawa ciki. Ka kawo ta gobe in sa maka Windows sabo, awa guda an gama

Maman Biyu: Mushe ka duba ko pil ɗinshi ya mutu, ni nawa in ya daina rubutu to pil ne kullum.

Mushe Lissahi: Madan na murɗa shi ta ko'ina bai buɗewa, ban ga wurin pil ba. Ɗan Bagalam na gode ƙanena amma Windows ɗin sabo ne, gabana yaron butik ɗin ya ce jiya-jiya anka sa shi.

Ɗan Bagalam: To shi ke nan direba ne babu, wato ɗan lojisiyel ɗin da ke sa Windows ta gane alƙalamin. In anka sa Windows sabo ba a sa direban Wacom ba haka yake yi. Ka shiga sit ɗin Lenovo ka rubuta sunan mashin ɗin ka sauke

Mushe Lissahi: Na yi wannan tun shekaranjiya, wani abokin aikina ya nuna mini. Forfe biyu na ƙone kan shi. Ya shiga lahiya, ta ce in sake kunnawa, na sake, ba abin da ya canza.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Salamu alaikum. Mushe kar ka bari kowa ya taɓa Windows ɗin nan tukuna, kuma kar ka ƙara sayen mega. Abu biyu nake so ka yi mini yanzu in kana kusa da ita. Na farko ka shiga Paramètres, Système, ka sauka can ƙasa wurin bayanin mashin inda ake rubuta processeur da RAM, akwai layi guda da anka rubuta Stylet et fonction tactile, ka karanto mini abin da ke gabanshi. Na biyu ka ɗauki hoton alƙalamin ka turo, ka ajiye shi kusa da bik don in ga kaurinshi. Kuma ka dubi gehen mashin ɗin akwai wani ɗan rami, ka gwada ko alƙalamin na shiga ciki.

Mushe Lissahi: Ga abin da ta rubuta: Prise en charge du stylet et de la fonction tactile avec 10 points de contact. Ramin na gan shi, wayam yake, kuma alƙalamin bai shiga, ya hi ramin kauri sosai. Na ɗauka ma ramin na wani abu ne daban. Hoton na tahe reso ne ke ja. Baƙi ne, kanshi ja, maɓalli guda a gehe, kaurinshi kamar bik ko ya ɗan hi.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Alhamdu lillahi, hoton ya shigo. Mushe kwantar da hankalinka, ga dukkan alamu mashin ɗinka lahiyarta ƙalau, alƙalamin ma wataƙila lahiyarshi lau. Ba nata ba ne kawai. Wanga da ke hannunka na tsohin ThinkPad ne masu gilashi mai juyawa, irin su X220 Tablet da X230 Tablet.

Mushe Lissahi: Amma malam ai shi ma na Lenovo ne, kuma mai butik ya rantse mini nata ne. Ba duk kamfani guda ba ne?

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Kamfani guda ne amma aikin ciki ba guda ba. Bari in ɗan tsawaita don abin ga ya ci kuɗin mutane da yawa garin nan, kusan duk wata sai an kawo mini irin shi. Alƙalumman kwamfuta da ke yawo kasuwarmu gida ukku ne manya. Gida na farko shi ake ce ma EMR, na kamfanin Wacom na Japan. Shi wanga bayan gilashin akwai wani faranti mai siraran wayoyi kamar tabarma, shi ke hitar da ƙarhin maganaɗisu, alƙalamin ya amshi ƙarhin ya maida amsa, shi ya sa babu pil cikinshi kuma bai buƙatar caji har abada. Naka kenan, shi ya sa ka murɗa ka murɗa bai buɗe ba. Su X220 Tablet, X230 Tablet, HP EliteBook 2760p, Surface Pro ta 1 da ta 2, da wayoyin Samsung Galaxy Note duk nan suke. Gida na biyu shi ne AES, shi ma na Wacom ne amma dabarar daban ce, babu wancan farantin ko kaɗan, alƙalamin ne ke da wuta cikinshi yana aika sigina ga gilashin da yatsa ke taɓawa. Yoga 260, Yoga 370 da X1 Yoga nan suke, da wasu Dell da HP masu lanƙwasawa. Gida na ukku na Microsoft ne, MPP, asalinshi na wani kamfani ne N-trig da Microsoft ta saye a 2015, tun daga Surface Pro 3 shi suke aiki da shi. To kai ka ɗauko ɗan gida na farko ka kai shi gida na biyu, yana jiran farantin da zai ba shi wuta, farantin kuma babu shi. Ko direba ɗari ka sa, ko formataj goma anka yi, ba zai yi ɗigo ba.

Ɗan Bagalam: Wallahi yaya ban san haka ba, ni na ɗauka duk wanda anka rubuta Wacom guda ne. Allah ya ƙara sani

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Amin ƙanena. Direban da ka ce ba laihi ba ne, zai yi amfani gaba wurin saita maɓallan. Shi na asalin Yoga 370 siriri ne, sunanshi ThinkPad Pen Pro, cikin ramin nan yake kwana kuma nan yake shan caji, in ka tura shi daƙiƙa 15 ya kai wajen kashi 80, minti biyar ya cika. Da yake ƙarami ne shi ya sa yake ɓata tun can ƙasar da anka yi aiki da mashin ɗin, galibi ramin wayam suke iso mana.

Mushe Lissahi: Inna lillahi. Wato mutumin ga ya cuce ni kenan yana kallon idona, har da rantsuwa. Na gaya mishi ƙarara don alƙalamin nake sayen ta, na gaya mishi aikin da zan yi ma yara da ita.

Alhaji Ɗan Issa: Mushe ka yi haƙuri in sa baki, ni ma ina taɓa harkar ga. Ban san butik ɗin ba kuma ba kare shi nake ba, amma ka san yadda kayan ga ke zuwa? Kwali guda mashin ashirin talatin an jera su, caja daban cikin buhu, alƙalumma in akwai an ɗaure su da roba kamar itacen miya, ba wanda ya rubuta wanne ne na wacce. Mai butik ya ga Lenovo nan ya ga Lenovo can sai ya haɗa. Da yawanmu wallahi abin da Mai Gyara ya bayyana yanzu ba mu san shi ba, ni kaina yau na fara jin EMR da AES. Kar ka yanke mishi hukuncin cuta tun ba ka koma ba.

Maman Biyu: Alhaji da girmanka amma rashin sani daban rantsuwa daban. In bai sani ba sai ya ce ban sani ba ka je ka gwada in bai yi ba ka maido. Malamin lakwal ne fa, albashin nawa yake, wata biyar yana tari.

Alhaji Ɗan Issa: Wannan gaskiya ne Hajiya, rantsuwar bai kyauta ba, ban musa ba.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Kahin a kai ga mai butik a tabbatar tukuna, don ni hoto na gani ban riƙa ba. Gwaji biyu ne kuma ko dala ba za a kashe ba. A samu mai Galaxy Note, kowacce, Mushe ya ɗora alƙalamin nan bisa gilashin wayar. In ya yi rubutu to rayayye ne, gida ne ba nashi ba. Sannan a samu mai alƙalamin AES a gwada bisa mashin ɗin. Na biyun ya hi muhimmanci, don layin da ka karanto mini alama ce mai kyau amma ni sai na ga tawada bisa gilashi nake yarda, na sha buɗe mashin in tarar an taɓa canza mata gilashi ko wayar ciki ta saki.

Alhaji Ɗan Issa: Note 9 ke hannuna. Mushe wace unguwa kake? Ni ina Ali Ɗan Sofo, in ka sallaci asuba ka biyo kahin ka wuce lakwal.

Ɗalibar Jami'a: Salam, yanzu na ga hirar. Ni Dell Latitude gare ni mai cirewa daga kilabiye, da alƙalaminta na asali, ban san ko wane gida ne ba cikin ukkun da malam ya lissafa. Amma ya kwana biyu bai aiki, pil ɗinshi ya ƙare kuma na zagaya gari ban samu irin shi ba, duk inda na je sai a miƙo mini na telekomand. In zai yi amfani Mushe ya aiko a amsa, ina Zariya.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Ƙanwata turo hoton rubutun da ke jikinshi. Na Dell da yawa AES ne amma akwai waɗanda ba shi ba.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Na gani, zai yi in sha Allahu. Pil ɗin da kike biɗa sunanshi AAAA, A huɗu, na telekomand A ukku ne, naki ya hi shi sirantaka, kaurinshi wajen milimita 8 ne shi kuma na telekomand ya wuce 10, shi ya sa bai shiga. Mushe ka amso shi ka kawo mini runfa da yamma, akwai dabara.

Mushe Lissahi: Ina kwananku jama'a. Na biya wurin Alhaji da sahe, Allah ya saka mishi, har da shayi. Ina kusantar da alƙalamin ga wayarshi tun bai taɓa gilashin ba sai ga wani ɗan ɗigo ya hito yana bin bakinshi duk inda na kai, na rubuta bismillah ta hito tsaf, in na danna layin ya yi kauri in na sassauta ya sirance. Kwana huɗu ina zargin abin ga ashe lahiyarshi lau. Mun gwada na wayar Alhaji bisa mashin ɗina shi ma shiru, kamar yadda malam ya hwaɗa.

Ɗan Bagalam: Kai Allah mai iko. To saura na biyu

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Tunda wasu sun tambaye ni ta gehe mece ce dabarar pil ɗin bari in hwaɗa nan kowa ya ji. Kun san pil mai kusurwa huɗu na 9V, wanda ake sa ma makirho maras waya na masallaci da mitar masu gyara. Wani irinshi in ka ɓare gwangwanin za ka tarar da ƙananan pil shidda sirara a tsaye an haɗa su da ɗan ƙarhe, kowane 1.5V, kusan girman AAAA, sai dai sun ɗan gaza shi tsawo da milimita ukku da wani abu. Amma ba kowane ba. Ka duba jikinshi, wanda anka rubuta 6LR61 shi ake biɗa, alkalin. Mai arhar nan da anka rubuta 6F22 kar ka ɓata kuɗinka, cikinshi wasu faifai ne shidda an ɗora kan juna kamar masa. In za ka ɓare ka bi ta wurin ɗinkin gwangwanin da filaya a hankali, kar ka sa wuƙa ka huda, kar yara su kasance kusa. Sannan abin da ke ruɗa mutane, su waɗanga ƙananan sau da yawa ba a rubuta musu plus da moins ba, kuma wani lokaci gehen da ka ɗauka plus ne shi ne moins, dole a auna da mita a yi alama da marka. Gajartar kuma sai a cike da ɗan ƙarhe ko takardar alminiyom a naɗe ta ƙanƙane. Dabarar wucin gadi ce, in an samu na asali shi ya hi.

Ɗalibar Jami'a: Wata biyu ina rubuta kur da hannu a kaye saboda pil ɗin nan, ashe yana cikin na makirho. Allah ya biya ka malam.

Mushe Lissahi: Jama'a ya yi! Yanzu na taso daga runfar malam. Pil na farko da munka sayo ya ɓare sai munka tarar da irin mai faifan ne ko da yake mai tebur ya ce alkalin ne, sai da munka koma munka karanta jikin da kanmu. Na biyu ya ba da shidda. Ya auna, ya sa guda cikin alƙalamin ƙanwarmu, ya ɗora bisa mashin ɗina sai ga layi. Na zana triangle na rubuta Pythagore ƙarƙashi, hannuna har rawa yake. Sauran biyar ɗin ya naɗe su cikin leda kowane daban don kar su taɓa juna, na kai mata su. Mashin ɗin lahiya lau take alhamdu lillahi.

Maman Biyu: Madalla, barka Mushe. Yara sun samu.

Mushe Lissahi: Sai dai wata 'yar matsala ta hito da dare. Da na zo gida na jona caja ina rubutu sai layin ya dinga karkarwa kamar rubutun tsoho, wani wuri ya yanke, wani lokaci ma ɗigo ya hito inda ban taɓa ba. A runfa bai yi haka ba.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: A runfa bisa batir muke. Cire cajar ka gwada yanzu.

Mushe Lissahi: Na cire, ya miƙe sumul. Na maida, ya koma karkarwa.

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: To cajar ce, ko wutar gidan. Ka tuna na ce maka shi AES da gilashin yatsa yake magana, siginar kuma 'yar ƙarama ce, caja maras kyau tana zubo ƙazantar wuta cikin mashin sai ta rufe siginar. Ko waya ka lura wani lokaci in ka jona ta da cajar bakin titi sai ta dinga danna kanta, abu guda ne. Gidajenmu da yawa kuma ba a ja musu wayar ƙasa ba, in gurup ne ko konbatisar na pano abin ya hi tsanani. Ka ɗaga cajar a hannu, in ka ji ta sakayau kamar ba komi ciki kuma rubutun jikinta ya yi dishi-dishi to ba ta asali ba ce. Kahin ka samu mai kyau ka cika batir ka cire sannan ka yi bidiyonka.

Mushe Lissahi: Sakayau take kuwa. Batirin na ɗaukar kamar awa biyu, ya ishe ni bidiyo ukku ko huɗu.

Alhaji Ɗan Issa: Ka koma wurin mai butik Mushe?

Mushe Lissahi: Na koma yau bayan azahar Alhaji, kuma na bi shawararka ban tahi da faɗa ba. Na kunna mashin gabanshi na gwada nashi shiru, na gwada na aro ya rubuta. Ya yi shiru ya riƙe baki, ya ce wallahi bai san akwai bambanci ba, ya jawo wani kwali ƙarƙashin tebur ya zazzage, alƙalumma sun kai goma sha, mun gwada su ɗaya-ɗaya babu wanda ya yi kuma babu mai shiga ramin. Ya amshi nashi ya maido mini jikka 5, cajar kuma ya ce in kawo ya canza in kaya sun iso. Raina bai gama sanyi ba kan rantsuwar, na gaya mishi haka, ya ba ni haƙuri gaban mutane.

Maman Biyu: Jikka 5 ta yi kaɗan amma tunda ya amsa laihinshi to.

Ɗan Bagalam: Yaya Mai Gyara to wane zai saya yanzu, na ramin ko babba irin na Dell ɗin? Na ga wani Bamboo Ink a intanet an ce yana yi da kowace mashin

Mai Gyaran Babbar Kasuwa: Ba kowace ba, gida biyu yake ji, AES da na Microsoft, ana danne maɓallan gehen biyu tare ya sauya daga wanga zuwa wancan. Bai yi da EMR. Yana da kyau amma shi ma AAAA yake ci, mun koma gidan jiya kenan. Ni ga mutumin da ke Maradi na ramin nake ba shawara, ba pil ba neman pil, kuma yana da wurin kwana bai ɓata cikin jaka. Aibinshi guda siriri ne, in ka daɗe kana rubutu yatsu na gajiya, ga mai bidiyon minti goma kuwa ba komi. Abin kiyayewa kawai, na X1 Yoga da na Yoga 370 sun yi kama a hoto kuma duka za su yi rubutu, amma girmansu ba guda ba, in ka sayo wanda ba nata ba bai zama cikin ramin daidai balle ya sha caji, in wutarshi ta ƙare shi ke nan. Kuma na hannu wani ya daɗe a ajiye ya daina riƙe caji, dole a gwada.

Alhaji Ɗan Issa: Ni zan shiga Kano ran Asabar in Allah ya kai mu, ta Jibiya, ina da mutane Beirut Road masu irin mashin ɗin nan a runfa, sai in sa a tura shi cikin ramin wata 370 gabana a ga ya zauna ya sha caji ya yi rubutu kahin in biya. Mushe ka juya mashin ɗin ka ɗauko mini hoton takardar da ke manne ƙasa, lambobin su hito sosai. Kuɗin sai na dawo mu yi lissahi.

Mushe Lissahi: Allah ya saka da alheri Alhaji, Allah ya kai ka lahiya ya maido ka lahiya. Ga hoton nan na tura maka ta gehe. Ƙanwata ki yi mini haƙuri da naki zuwa gobe da yamma in ba ki da kur, na yi bidiyo guda daren jiya kan Thalès na tura ma yara, tun asuba suke aiko tambaya, guda ta ce in sake yin misali na biyu a hankali don wurin da na ja layin parallèle ya yi mata sauri. Ina so in yi mata shi yau da dare.

Ɗalibar Jami'a: Ba komi Mushe ka riƙe har Alhamis, sai Juma'a da sahe nake da kur. In pil ɗin ya yi sanyi ka aiko a amshi wani cikin biyar ɗin.